Kiɗan Ƙwarya daga Madabo zuwa Malesiya

Duk wanda ya taɓa yin biki a cikin birni, daga Madabo har Gwale, ya san Hajiya Kulu mai ƙwarya. Mace ce gajera, kakkaura, mai wushirya. In ta zauna a kan kujerarta ta tsuguno, ta kifa ƙwarya a bahon ruwa ta ɗora mata sanda, ko surukar da ta zo da fushi sai ta ajiye mayafi ta shiga fili. 'Yan amshinta biyu ne, Binta da Halima. Tun suna 'yan mata suke bayanta, ga shi yanzu kowaccensu har ta yi jika.

Ana nan sai bikin Ikram ya taso. Ikram 'yar ƙanwarta Aminat ce, amma a hannun Hajiya Kulu aka yaye ta, a ɗakinta ta yi wayo, kafin ubanta ya samu aikin koyarwa a Malesiya ya kwashe iyalinsa. A can yarinyar ta gama karatu, a can ta samu miji, wani ɗan Ƙofar Ɗan Agundi da aiki ya kai shi, a can kuma aka ce za a yi taro. Hajiya Kulu ta ba da ɗinkin leshi, ta sa aka wanke ƙoren tafiya aka shafa musu mai. Sai likita ya duba gwiwarta, ya ce zaman jirgi mai tsawo irin wannan ba nata ba ne.

Ta yi kwanaki ba mai gane kanta a gidan. Ko miya aka ce ta yi gishiri sai ta ce ai dama haka duniya take.

Aminat ce ta kawo mafita a waya. "Yaya, ki kwantar da hankalinki. Ki yi mana kiɗan daga gida kai tsaye. Akwai ƙaton talabijin a ɗakin taron, za mu haɗa ki, kowa ya gan ki ya ji ki kamar kina nan."

"Daga tsakar gidana?"

"Daga tsakar gidanki. Lokacin da muke yamma ku kuna hantsi, kin ga ba ki da wahalar rana. In ma sabis ya ba da matsala, akwai wata yarinya a nan, Ummi, matar wani ɗalibi, tana ɗan taɓa waƙa. Sai ta riƙe mana wurin kafin ki dawo."

Hajiya Kulu ta ce to, Allah ya kai mu. Amma maganar Ummin nan ta tsaya mata a rai kamar ƙaya a haƙori. Tana ɗan taɓa waƙa! A bikin 'yar da ta goya!

Mijinta, Malam Tanko, ɗinkin hula ne sana'arsa, kuma abin da ya sani a waya bai wuce kira da sauraron labarai ba. Amma yana jin zancen ya naɗa wa kansa sarautar injiniya. Ana jibi biki ya ɗauki wayar Hajiya ya ɗaga ta sama kamar mai neman wata, ya shiga zaga gida. Gidan ginin ƙasa ne na iyaye da kakanni, katangarsa ta fi damtse biyu kauri. A falo babu sabis ko ɗigo. A ɗakin Hajiya sandar sabis ɗaya ce ta fito, ita ma tana zuwa tana tafiya. Ya leƙa kicin, ya tsaya a bakin rijiya, ya hau kan turmi har ya kusa faɗowa.

Can sai aka jiyo shi daga lungun gidan. "Hajiya! Zo ki gani! Ga shi nan ya cika fal!"

Ta dogara sandarta ta zo, ta dubi inda yake tsaye, ta dube shi.

"Malam, ƙofar banɗaki ce fa."

"To ni na ajiye shi a nan? Matsa taku ɗaya ki gani, ya gudu."

Ta matsa, ya gudu. Ta dawo, ya dawo. Binta da Halima suka yi ta dariya har suna dafa bango. Ƙarshe dai aka ɗaura igiya, aka rataya sabuwar atamfa ta rufe ƙofar ruf, aka shimfiɗa darduma a gabanta. Wanda bai sani ba sai ya ce ɗakin amarya ne.

Aka kira Aminat don gwaji. Hajiya ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ɗaga sanda, ƙore suka ɗauka, ta ja baiti guda. Da ta tsaya sai Aminat ta ce, "Yaya, muryarki tana zuwa, amma kiɗan fa? Ina ganin hannuwanku suna ta sama da ƙasa, ba na jin komai. Kamar masu korar ƙuda."

Malam Tanko ya matso da wayar har bakin baho. Aka sake.

"Yanzu kuma kamar ruwan sama a kan kwano. Ke kuma kin ɓace."

Ya ja baya, kiɗa ya ɓace. Ya matso, murya ta ɓace. Ya cire safarsa zai sa wa wayar, wai ya taɓa ganin ana sa wa makirfo irin haka, Hajiya ta ce in safar nan ta taɓa wayarta to ya nemi mai ba shi tuwon dare. Amaryar ce da kanta ta leƙo ta bayan uwarta, hannuwanta a sama saboda lalle, ta ce, "Baba, wayar ce take ɗaukar kiɗan a matsayin hayaniya, sai ta haɗiye shi. Akwai wurin da za ka taɓa ka hana ta."

"Hayaniya?" in ji Hajiya Kulu. "Kiɗan nawa?"

"Inna, ai waya ba ta da kunne."

Ikram ta yi ta kwatance, Malam Tanko yana dannawa. Ya danna wani wuri, hoto ya juya, mutanen Malesiya suka sha kallon cikin hancinsa. Ya sake dannawa ya kashe kiran gaba ɗaya. A karo na ba-a-san-nawa-ba ya dace da wurin, sai ga ƙwarya ta fito raɗau, Aminat har da taka rawa daga zaune. Malam Tanko ya gyara hula ya ce ai dama ya san nan ne, so yake ya tabbatar.

Ranar biki tun da safe aka je aka roƙi Sabo mai injin markaɗe, wanda shagonsa ke manne da katangar gidan, ya yi haƙuri ya kashe inji zuwa azahar. Ya ce don Ikram ko yini ne zai yi, ai shi ya sha markaɗa mata gyaɗar kunu. Hajiya ta sha leshinta, ta zuba awarwaro, ta zauna a gaban atamfa, Binta a dama, Halima a hagu. Malam Tanko ya tsaya riƙe da waya da hannu biyu, ko numfashi ba ya son yi.

Hoto ya buɗe. Ga ɗakin taro cike da mata, 'yan Kano da 'yan Katsina da 'yan ƙasar da lulluɓinsu masu launi-launi, ga Ikram a tsakiya an rufa mata mayafi. Hajiya Kulu ta buɗe baki za ta yi sallama ke nan, sai atamfar bayanta ta motsa, aka ɗaga ta gefe guda. Baba Haruna ne, yayan Malam Tanko, tsoho mai nauyin ji, wanda ya shigo gaisuwa da safe ba wanda ya lura da inda ya nufa. Ya fito da buta a hannu, ya tsaya ya ƙura wa wayar ido, ya ga jama'a.

"Af! Salamu alaikum. Ina gajiya? Ina amarya?"

Ya ɗaga butar ya gaishe su da ita, ya ratsa ta tsakanin ƙore ya wuce abinsa. Binta ta cusa fuska a cikin mayafi, kafaɗunta suna rawa. Hajiya Kulu ta daure, ta ce a ranta zabiya ba ta dariya a bakin aiki, ta buga sanda.

"Ikram 'yar goyona, ruwan randa mai sanyi,
Yau gida ya yi nisa, amma baki ya kai."

Binta da Halima suka amsa, "A bi a hankali da 'yar Madabo."

A nan ne, a kowane gidan biki, ake rangaɗa guɗa. Hajiya ta saba barin ɗan fili dominta. Ta bar filin. Shiru. Matan da ke cikin waya suna zaune ƙiƙam suna kallonta kamar masu jiran likita. Tunda take waƙa ba a taɓa yi mata haka ba. Ta daure ta kama baiti na biyu. Tana tsakiyarsa sai ga guɗar ta iso, ayyiriri, ta faɗo a kan kiɗan kamar tulu ya fashe. Halima ta firgita ta saki sanda a cikin baho.

"Ba ƙin yi suka yi ba," in ji Malam Tanko a hankali. "Hanya ce da nisa. Sai ta je ta dawo."

To, wannan da sauƙi. Aka ci gaba, guɗa tana zuwa a makare kamar baƙon da ya ɓata hanya, suna kauce mata. Can sai hoton ya tsaya cak. Aminat ta daskare da hannu a sama, sauran matan suka zama dabbare-dabbaren launi. Sauti dai yana zuwa. Kuma a cikin sautin ne Hajiya Kulu ta ji abin da ya sa gashin jikinta ya tashi.

Wata ce take waƙa a can. Wata mace mai siririyar murya, ta hanci, mai karkarwa, kuma ba wata waƙa take ba illa tata. Baitin da ta gama yanzun nan, shi matar take ja, kalma bayan kalma, har da 'yan amshinta.

Ummi! Wato hoto na tsayawa har sun miƙa mata makirfo. Ko jira ba su yi ba. Kuma yarinyar ba ta da ta ido, ba ta ma nemi tata waƙar ba, sai ta bi bayan ta manya tana tsinta.

Abin da Hajiya ba ta sani ba shi ne, ranar gwaji waya da waya aka yi. Yau kuwa an haɗa ta da manyan lasifikoki na ɗakin taro, duk abin da ta rera sai ya fita ta cikinsu, wayar Aminat ta sake kwaso shi ta dawo mata da shi Madabo a makare, a tauye. Ita dai ta ji kishiyar sana'a, kuma ba a yi zabiyar da za a shiga gonarta ta yi shiru ba. Ta gyara zama, ta ƙara wa kiɗa wuta, ta saki layin yabo ta ɗauki na habaici.

"Wata ta ari waƙa, ba ta ari murya ba,
Hankaka, farin ƙirji ba ya mai da kai balbela."

Binta da Halima suka dubi juna, amma aikinsu amshi, suka amsa. Ba a jima ba sai ga siririyar muryar nan daga cikin waya: wata ta ari waƙa, ba ta ari murya ba.

"La ilaha illallahu!" in ji Hajiya Kulu. "Ni za ta mayar wa da magana? Malam, kana ji?"

"Hajiya, ina ganin..."

"Riƙe wayarka!"

Ta zabura har ta manta da gwiwa.

"Mai muryar ƙofar langa-langa, je ki sha zuma,
In manya na fili, yara kan koma gefe."

Ƙurar tsakar gida ta shiga wa Binta maƙogwaro, ta yi tari sau biyu a tsakiyar amshi. Jim kaɗan matar cikin waya ta ce mai muryar ƙofar langa-langa, je ki sha zuma, sai kuma aka ji 'yar amshinta ta yi tari sau biyu.

Halima ce ta fara ganewa. Ta ajiye sanda, ta buɗe baki za ta yi magana, dariya ta ci ƙarfinta, ta kife a kan darduma tana dukan ƙasa.

"Hajiya... wayyo cikina... Hajiya, ita ma tata Bintar tari take!"

Kiɗa ya tsaya. Hajiya Kulu ta kasa kunne. Daga cikin waya ta ji an ce, da muryar Halima, wayyo cikina, Hajiya, ita ma tata Bintar tari take.

Daidai nan hoton ya saki. Ɗakin taro ya kacame. Aminat tana durƙushe tana share hawaye da gefen mayafi, amarya ta yaye lulluɓi tana riƙe da ciki. Aka juya wayar wajen wata 'yar siririyar yarinya a can gefe, da jariri a cinya da farantin shinkafa a gabanta, ta miƙe a tsorace.

"Hajiya, ina wuni. Ni ce Ummi. Wallahi tallahi ban ce komai ba, abinci nake ci."

"Yaya," in ji Aminat da ƙyar, "ke ce fa! Muryarki ce take dawo miki!"

Hajiya Kulu ta dubi Malam Tanko, wanda ya cije leɓe yana danne dariya.

"Wato ni ce ƙofar langa-langar?"

"Ni dai ban faɗa ba," in ji shi.

Sai ta fashe. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, har awarwaro suna kaɗawa, har ta dafa baho ruwa ya fantsalo wa leshi. Da ta samu numfashi ta ce, "Ummi, 'yata, ki yafe ni. Zauna ki ci abincinki. Hankakan yana nan Madabo."

Ikram ta ce a rufe sautin da ke zuwa daga wajensu, Inna ta yi waƙarta kawai, su suna ji. Malam Tanko ya danna, wannan karon bai yi kuskure ba. Ɗakin taron ya koma hoto marar murya.

Nan kuma wata wahalar ta ɓullo. Hajiya ta ja baiti, ta ji kamar tana yi wa bango. Ita waƙarta da mutane take ci, da shewarsu da takunsu, da wadda za ta taso ta yi juyi a gabanta. Ga mata can suna motsi a cikin tafin hannun Malam, amma ko tari ba ta ji. Muryarta ta fara sanyi.

Ashe dariyar da aka yi ta tsallake katanga. Matan da suka kawo markaɗe wajen Sabo suka tarar da inji a kashe, suna tsaye da robobinsu suna jira, su suka fara leƙowa. Ɗaya ta yi sallama ta shigo, ta ajiye robar tattasai a gindin rijiya. Wata ta biyo ta. Kafin ka ce kwabo, maƙwabta sun ji, tsakar gida ta cika da mata, wasu da zanin aiki, wata da ludayi a hannu. Malam Tanko ya ga abin ya zama na mata, ya jawo turmi ya kifa, ya jingina wayar a kai da dutsen guga, ya ja wa Hajiya kunne kada kowa ya taɓa, ya fice soro wajen Baba Haruna.

Wata tsohuwa ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, a kan lokaci, daidai inda ake sa ta. Hajiya Kulu ta ji ta har cikin ƙashinta. Ta ɗaga sanda.

Abin da aka yi a gidan nan ranar, waɗanda suka gani har yanzu suna ba da labari. Ƙore uku suna magana, ruwan baho yana tsalle, mata suna juyi da robobin markaɗe a ka. Hajiya ta yabi ango da mutanen Ƙofar Ɗan Agundi, ta yabi Aminat, ta yabi Ummi ma don wanke laifi. Sannan ta sassauta kiɗa ta dubi wayar sosai.

"Na tuna daren da kika yi zazzaɓi a bayana,
Ina zaga rijiyar nan ina miki wasa.
Rijiyar tana nan, bayan ma yana nan,
In duniya ta yi zafi, Ikram, kin san hanya."

Muryarta ta karye a ƙarshen, Binta da Halima suka rufe mata da amshi, ta share ido da bayan hannu ta koma kiɗan rawa. Ba ta sake bi ta kan waya ba sai da aka kira azahar.

Da mata suka watse, Malam Tanko ya shigo ya nufi turmi. Inuwa ta daɗe da barin lungun, rana ta daki wayar sosai. Ya ɗauka ya yi saurin sauya hannu.

"Hajiya, ta mutu. Zafi kamar an ciro ta daga murhu."

"Tun yaushe?"

"Wa ya sani?"

Duk rawar da aka sha ba ta dami Hajiya ba, baitin rijiyar nan take ji. Aka kwantar da wayar a gindin randa, Halima tana yi mata fifita da murfin tukunya, Hajiya tana zaune ta zuba mata ido kamar mai jinya. Da ƙyar ta farfaɗo. Tana kamawa kira ya shigo.

Ikram ce, idanunta jawur, kwalli ya zubo.

"Inna, kin ɓata mini kwalliya."

"Kin ji? Ya iso?"

"Yana yankewa, amma na ji. Rijiyar tana nan, bayan ma yana nan. Kina gama faɗa kika daskare."

Hajiya Kulu ta sauke ajiyar zuciya, ta ce alhamdu lillahi, sauran duk ƙari ne.

Bayan la'asar Aminat ta turo bidiyon abin da ya faru a can bayan yankewar. Suka haɗa kai su huɗu a kan waya. Ga Hajiya Kulu a ƙaton talabijin, ta daskare baki buɗe, ido ɗaya a rufe, sanda a sama. A gabanta kuwa ba wanda ya zauna. Ummi ta miƙa wa wata jaririnta, ta kifa robar wanke hannu a kan tebur tana bugawa da cokali, tana jan amshin a bi a hankali da 'yar Madabo, mata suna amsawa har da 'yan ƙasar da ba su san me suke faɗa ba. Ƙawayen Aminat suna tasowa ɗaya bayan ɗaya suna yin liƙi a goshin talabijin, takardun suna zamewa ƙasa.

Hajiya ta kai hannu ta shafa goshinta.

"Yarinyar nan tana da murya," ta ce. "Hannun ne bai faɗa ba tukuna. Malam, mayar da shi baya, wajen waccan mai koren lulluɓin. Dubi yadda take taka rawar da ƙafar hagu, don Allah."

Malam Tanko ya danna, bidiyon ya ɓace gaba ɗaya.

"Ba ni wayar nan," in ji Binta.